Tafiyar awa goma a mota da mage: yaya ake yi?

Maman Ihsan: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana. Mage ce babba, shekararta 3, nauyinta kilo 4, lafiyarta lau, amma ba ta taɓa yin tafiyar da ta wuce minti 20 a mota ba. Nan da mako uku za a yi tafiyar kusan awa 10 da ita. Wane irin keji ya dace? A ba ta abinci ko a hana ta? Akwai maganin barcin da ake ba su? Wasu kuma sun ce a sake ta kawai a cikin motar ta nemi wurin da ya yi mata.

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Maman Ihsan. Bari in fara da ta ƙarshen, don ita ce mai haɗari. Kada a sake ta. Mage idan ta tsorata, wuri mai duhu da matsi take nema, kuma a cikin mota wurin nan shi ne ƙarƙashin ƙafar direba, tsakanin birki da totur. In ba can ba, ta cusa kai ƙarƙashin kujera ta maƙale a ƙarafan da kujerar ke gudu a kansu, fito da ita sai an sha yaƙushi. Ga kuma birkin gaggawa: duk abin da ba a ɗaure ba a mota gaba yake yi, ita ma haka za ta bugi gilashi ko ƙeyar wani.

Keji kuwa, a nemi na roba mai tauri, wanda ke da ƙofa a gaba da murfi a sama, ko wanda rabinsa na sama ke cirewa. Girmansa ya zama za ta iya miƙewa tsaye, ta juya, ta kwanta, wato tsawonsa kamar tsawon jikinta da rabi, ban da wutsiya. Mutane na ɗauka mafi girma shi ya fi, alhali in ya yi yawa, duk kwanar da aka sha sai ta zame daga wannan bango zuwa wancan. Kwali kada a soma, fitsari ɗaya zai jiƙa gindinsa ya ɓurme. Na yadi mai raga da zif ya yi wa gajeruwar tafiya, amma mage mai naci tana yaga ragar da farce, wata ma ta iya tura zif da hanci.

Hajiya Turai: Duk abin da Malam ya faɗa haka ne, sai dai ni a ganina babban arzikinki shi ne mako ukun nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mage da ba ta ganin keji sai ranar da za a kai ta a yi mata allura, da ta hango shi ta san babu alheri.

Yau ɗin nan ki fito da shi, ki cire ƙofar gaba ɗaya, ki ajiye shi a inda ta saba kwanciya. Ki shimfiɗa mayafi ko tawul ɗin da take barci a kai, kada ki wanke shi, ƙanshin jikinta ake so. Kwana uku na farko ki ajiye kwanon abincinta a bakin kejin, sannan ki riƙa tura shi ciki kaɗan kaɗan har ya kai ƙurya. Kada ki ɗauke ta ki saka, ita za ta shiga da ƙafarta. A mako na biyu ki mayar da ƙofar, ki rufe minti ɗaya tana cin abinci, ki buɗe, gobe minti biyar, jibi ki ɗaga kejin ki zaga ɗaki da shi. Wajen ɗaukarsa ki tallabo ƙasansa da hannu biyu ki jingina da ƙirjinki, riƙe shi ta mariƙin sama yana lilo shi ke fara tayar mata da zuciya tun ba a kai mota ba.

Mako na uku na mota ne. Rana ta farko a zauna a ciki ba a tayar ba. Ta biyu a tayar da injin ba a motsa ba. Daga nan zagayen minti 5, sai 15, sai 30, kuma kullum a dawo gida a ba ta abin da take so. Ba wai za ta ƙaunaci mota ba ne, a'a, za dai ta gane ana shiga ana fita lafiya. A waɗannan gajerun zagayen ne kuma za ki gano irin tata matsalar, tsoro ne ko tashin zuciya, don maganinsu ba ɗaya ba ne.

Sadiku: Hajiya, idan ranar ta zo ta ƙi shiga fa? Ana ganin masu kafe ƙafafu huɗu a bakin ƙofa.

Hajiya Turai: Ɗana, shi ya sa murfin sama ke da amfani. In babu, a tsayar da kejin ƙofarsa na kallon sama, a lulluɓe ta da tawul, a sauke ta ciki ta baya, wutsiya ta fara shiga. Ba ta ganin inda za a saka ta, balle ta kafe. Kada a cafko ta ta fatar wuya a ɗaga, babbar mage tana jin zafin haka. Kuma tun daren a rufe ta a ɗaki ɗaya marar maɓoya, don da ta ga ana haɗa jakunkuna za ta ɓace ƙarƙashin gado.

Injiniya Bala: Ni batun inda za a ajiye kejin zan taɓa. Kujerar gaba ba wurinsa ba ce, saboda jakar iskar da ke fashewa lokacin karo tana fitowa da ƙarfin da zai murƙushe kejin roba. But ɗin mota rufaffe kuma babu iska, ga zafi. Wuri mafi aminci shi ne ƙasa, bayan kujerar fasinjan gaba. A ajiye shi, a turo kujerar gaban zuwa baya a hankali har ta tokare shi tsakaninta da kujerar baya, ba tare da ta toshe ramukan iska ba. A nan ba shi da inda zai tashi ya je.

Malam Habu: Injiniya, ba ka ganin ɗaure shi da bel a kujerar baya ya fi? A can iska ta fi kai masa, kuma wanda ke zaune kusa yana ganinta.

Injiniya Bala: Malam, ya danganta da kejin. Akwai waɗanda aka ƙera aka gwada su da bel, waɗannan a ɗaure su yadda masu ƙera su suka ce. Amma yawancin na roba ba a yi su don haka ba. Idan aka zagaya bel a jikinsa aka yi karo, bel ɗin kan matse shi ya tsage, ko ƙofar ta ɓalle. Wanda kuma ya zura bel ta mariƙin sama kawai, mariƙin ne zai fara karyewa. Maganarka ta iska dai gaskiya ce. Ƙasan wasu motoci yana ɗaukar zafi daga bututun hayaƙi, don haka bayan tafiyar rabin awa a sa hannu a taɓa wurin. In da ɗumi, a shimfiɗa tawul ninki biyu a ƙasa, a karkato da bakin na'urar sanyi ta yadda iska za ta ratsa ta gefe, ba ta bugi fuskarta kai tsaye ba. Idan kejin bai shiga ƙasan ba, to kujerar baya, a cike gangaren kujerar da naɗaɗɗen tawul don ya zauna daidai, a tokare shi sosai. Sannan a duba maƙallan da ke haɗa sama da ƙasan kejin, in da mai sako-sako a ɗaure da igiyar roba irin ta ɗaure wayoyi.

Dakta Asabe: Sannunku da ƙoƙari. Na ga ba a taɓa batun magani ba, kuma nan ne aka fi yin ɓarna.

Maman Ihsan, da farko: kada ki ba ta kowane maganin mutane. Parasitamol guba ce ga mage, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, yana lalata jinin har dasashinta ya koma ruwan ƙasa. Ibufurofen yana lalata ƙoda da ciki. Magungunan mura da na barci na mutane sau da yawa gauraye suke da irin waɗannan.

Na biyu, maganin barci na gaske ba shi ake so ba. Akwai wani tsohon magani, asefuromazin, da aka daɗe ana bai wa dabbobi don tafiya. Yana kashe jiki amma ba ya cire tsoro, wato tana jin komai, ba ta dai iya motsi. Yana kuma saukar da hawan jini, yana rage wa jiki iya daidaita zafinsa, abin da ba a so ko kaɗan a cikin mota. Abin da likitoci suka fi bayarwa yanzu don tsoro shi ne gabafentin, galibi tsakanin miligiram 50 zuwa 100 ga babbar mage, awa 2 zuwa 3 kafin a tashi. Na faɗi adadin don ki san abin da za ki ji ne, ba don ki auna da kanki ba. Likitan da ya duba ta shi zai yanke, saboda mai ciwon ƙoda ko tsohuwa ana rage mata sosai. Kuma lallai a gwada shi a gida kwanaki kafin tafiyar. Wata zai sa ta layi kamar mai jiri, a irin wannan halin a hana ta hawa wuri mai tsawo har ya sake ta.

Idan kuma tashin zuciya ne, alamunsa daban: yawan lasar leɓe, haɗiyar yawu, dalala har ƙirji ya jiƙe, sannan amai. Wannan daga cikin kunne yake tasowa, inda ke kula da daidaiton jiki, idan abin da yake ji ya saɓa da abin da ido ke gani. Maganinsa marofitant, wanda aka fi sani da Cerenia, sau ɗaya a yini, kamar awa 2 kafin tashi. Ana iya haɗa su biyun in likita ya ga dama. Mage da yawa kuma ba sa bukatar ko ɗaya.

Maman Ihsan: Na gode Dakta, Allah ya saka da alheri. Abinci da ruwa fa?

Dakta Asabe: Ki ɗauke abinci awa 4 zuwa 6 kafin a tashi, ruwa kuwa ki bar mata har lokacin shiga keji. Lafiyayyar babbar mage ba abin da zai same ta don ta yi yini ba ta ci ba, kuma ciki wayam ya fi wuyar amai. Wannan bai shafi 'yan ƙanana da ba su kai wata 4 ba, don sukarin jininsu na saurin faɗuwa, haka mai ciwon suga da ake yi wa allura, ita sai da tsarin likita. Kada a canza mata abinci a makon tafiya, kada kuma a ba ta madara don lallashi, yawancin manyan mage ba sa narkar da ita, zawo za a samu a cikin keji.

Bukatarta ta ruwa kusan mililita 50 ce ga kowane kilo a yini, wato taki kamar 200. A hanya da wuya ta sha, kada hankalinki ya tashi. Ki miƙa mata duk tsayawa, in ta ƙi ki ƙyale ta. Kada a ɗura mata da sirinji tana kokawa, ruwan na iya bi ta hanyar numfashi.

Rabi'atu: Ƙarin dabara kan ruwan: a zuba shi a ɗan kwanon da ke maƙalewa a ƙofar keji, a daskarar da shi tun dare. Yana narkewa sannu a hankali, ba ya fantsama a gargada. A ƙasan kejin kuma a fara shimfiɗa zanen nan mai tsotse fitsari, sannan tawul ɗinta a sama. A riƙe wasu uku ko huɗu na canji, da tawul biyu, da jakar leda mai ɗaurewa.

Baban Yusra: Ni ina da ja a kan barin ta awa 10 cur a keji. Ko mutum ne ai sai ya miƙe ƙafa. Duk awa 2 ko 3 a tsaya, a rufe ƙofofi da tagogi, a fito da ita cikin motar, a ajiye mata ɗan faranti da yashinta. Riƙe fitsari tsawon lokaci ba shi da kyau ga mafitsara.

Malam Habu: Baban Yusra, a nan ne fa ake asarar mage. Tana waje, wani ya manta ya buɗe ƙofa don ɗauko ruwa, ko yaro ya danna maɓallin gilashi, shi ke nan. Mage da ta tsere a bakin babbar hanya, wurin da ba ta sani ba, ba ta amsa kira, ɓuya take yi ta yi tsit. Kuma yawancinsu ko an ajiye yashin ba sa yi, sai an isa. A gida ma tana yin awanni masu yawa a kwance wuri ɗaya. Kowace fitarwa kuma sabuwar kokawar mayarwa ce.

Baban Yusra: To in tafiyar ta zarce fa? Awa 10 a baki, a hanya tana iya zama 13.

Hajiya Turai: Ku duka kuna da gaskiya, bambancin a tsawon tafiyar yake. Ƙasa da awa 6, kada a buɗe kejin sam sai in ta ɓata shi. Irin ta Maman Ihsan, sau ɗaya a tsakiya ya isa, kuma da ƙa'ida: a tsaya nesa da hayaniyar manyan motoci, kowa ya fita ya gama abin da zai yi, mutum ɗaya ya rage a ciki, a kulle ƙofofi, na'urar sanyi na aiki. A ajiye farantin a ƙasa da yashin da ta saba, har a ɗebo ɗan wanda ta riga ta yi amfani da shi a gauraya don ta gane. A buɗe kejin a ba ta minti 10. In ba ta fito ba, ta ba da amsa ke nan, a rufe. Ba mai taɓa ƙofar mota sai an ji ƙarar rufe kejin. Wanda motarsa ke da fili, babban kejin da zai ɗauki ƙaramin farantin yashi a ciki ya raba gardama, ko da yake ya rasa amincin ƙaramin keji wajen birki.

Fitar da ita waje da igiya kuwa, ban yarda da shi ba ko da ɗamarar ƙirji ce. Mage in ta firgita baya take ja, ta zare kafaɗunta ta bar ka da igiya a hannu.

Dakta Asabe: Na goyi bayan Hajiya. Lafiyayyar mage tana riƙe fitsari awa 10 zuwa 12 ba tare da illa ba. Abin lura yana bayan an isa. Damuwa kan tayar musu da kumburin mafitsara, sai ka ga tana yawan zuwa yashi, ɗigo kaɗan, wani lokaci da jini. A muzuru abin ya fi muni, domin hanyar fitsarinsa siririya ce, tana toshewa. Muzurun da ke tsugunawa yana yunƙuri yana kuka ba abin da ke fita, asibiti a take, ba a jiran gari ya waye. Kowace mage kuma in ta cika awa 24 ba fitsari, a kai ta.

Amma abin da ya fi kashe su a hanya zafi ne, kuma har yanzu ba mu ba shi haƙƙinsa ba. Motar da aka ajiye a rana tana ƙara kusan digiri 10 na ma'aunin Celsius cikin minti 10, sassauta gilashi kaɗan ba ya hana komai. Mage ba ta gumi sai ta tafin ƙafa. Zafin jikinta na lafiya tsakanin 38 ne da 39 da ɗan wani abu, in ya haura 40 an shiga haɗari. Kare yana haki ba komai, amma mage da ta buɗe baki tana haki, a ɗauka da matsala. Tsoro kaɗai yana iya sa ta yi na ɗan lokaci, sai dai in ya wuce 'yan mintuna bayan an tsaya an sanyaya motar, ko ga dasashi ya yi ja wur ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ta yi laushi, a jiƙa tafin ƙafafunta da cikinta da ruwa mai ɗan sanyi, a sa iska ta bi ta kanta, a nufi likita mafi kusa. Ban da ruwan ƙanƙara. Kada kuma a naɗe ta da jiƙaƙƙen tawul a bar shi a jikinta. Masu shafaffiyar fuska irin 'yan Farisa, da masu ƙiba, da masu ciwon zuciya, su suka fi saurin faɗawa.

Injiniya Bala: Don haka a sanyaya motar tukuna kafin a shigo da ita, ita ce kaya na ƙarshe da zai shiga, na farko da zai fita. In na'urar sanyin ba ta da tabbas, a tashi da asuba ko a yi tafiyar bayan rana ta faɗi, a kuma jingina gorar daskararren ruwa naɗe da tawul a jikin kejin. Rana na juyawa a doguwar tafiya, gefen da ke inuwa da safe shi ne a rana da yamma, a riƙa dubawa.

Sadiku: Kukan fa? Akwai mai yi tun daga tashi ba ƙaƙƙautawa.

Rabi'atu: Yawancinsu suna yi rabin awa zuwa awa ɗaya su gaji su kwanta. A yafa wa kejin siririn zane ta ɓangare uku, a bar ɗaya don iska, rashin ganin abubuwa na wucewa da gudu yana rage tsoro da jiri duka. A rage sautin rediyo, kunnenta ya fi namu ji nesa ba kusa ba. Ban da taba, ban da turaren mota mai ƙarfi. Kada a riƙa zura yatsa ana cewa yi shiru, firgitacciyar mage tana cizon mai ita. Akwai feshin Feliway, kwaikwayon sinadarin da take gogawa da kumatunta a jikin kaya. Wasu yana yi musu aiki, wasu ko a jikinsu. In za a yi amfani da shi, a fesa a keji da tawul minti 15 kafin ta shiga don warin barasar da ke cikinsa ya tashi, kada a fesa tana ciki. Bayan awa 4 zuwa 5 ƙarfinsa ya ƙare, sai a fesa wa wani tawul a wajen mota, a jira, a yafa.

In ta yi amai ko kashi, a tsaya a canza shimfiɗar da ƙa'idar nan ta kulle ƙofa. A goge da ruwa da ɗan sabulu kawai. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu komawa fari kamar madara in an zuba su a ruwa, irin Dettol, guba ne gare ta, tana taka su ta lashe.

Malam Habu: Wasu 'yan abubuwa kafin in manta. A sa mata abin wuya mai ɓallewa da kansa in ya maƙale, ɗauke da lambar waya, a rubuta lambar a jikin kejin ma, a ɗauki sabon hotonta. In ana dasa musu maikurocif, wato 'yar ƙaramar na'ura mai ɗauke da lambar shaida, a ƙarƙashin fata a inda kuke, a yi, a tabbatar lambar da aka yi rajista da ita tana aiki. Mai mage biyu kuma kowacce da kejinta, ko da uwa ɗaya ta haife su, tsoro na sa su huce a kan juna. In za a tsallaka iyakar ƙasa, a nemi sharuɗɗan tun yanzu, ƙasashen Tarayyar Turai alal misali sai allurar haukan kare ta cika kwana 21.

Maman Ihsan: Ba za a tsallaka ba, Malam. Idan an isa sai a sake ta ta zaga gidan?

Hajiya Turai: A'a 'yata. Ɗaki ɗaya, ƙofa da taga a rufe. Yashi a kusurwa ɗaya, ruwa da abinci a wata kusurwar nesa da shi, kejin a buɗe a bar mata shi ya zama maɓoya. Ruwa tukuna, bayan awa ɗaya rabin abin da ta saba ci. Tana iya kwana biyu tana fitowa da dare kawai, ba laifi, kada a jawo ta. Sauran ɗakuna sai ta fara ci da wasa yadda ta saba. In mai fita waje ce, a riƙe ta a ciki mako 2 zuwa 4, in ba haka ba za ta kama hanyar neman tsohon gida.

Dakta Asabe: A dai riƙa duba kwanon. Ƙin ci na ranar farko ba komai, amma in ta shiga kwana na biyu ba ta taɓa komai ba, a kira likita, musamman mai ƙiba, don kitse kan taru a hantarta in ta daɗe da yunwa. Ki ɗan ɗumama jiƙaƙƙen abincinta, ƙanshin na jawo su. Kuma tun kafin ku tashi ki nemo lambar asibitin dabbobi ɗaya a tsakiyar hanya da ɗaya a inda za ku sauka, ki haɗa da katin rigakafinta a jakar da ke kusa da hannunki, ba wadda ke cikin but ba.